Ɗan Ƙarfen Da Ya Gagari Maza, Tsohuwa Ta Faɗi Sunansa

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai tsaya ne a kan wani ɗan ƙarfe wanda tsawonsa bai wuce taki ɗaya ba, wanda saura ƙiris a sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da ko ƙosai ba zai saya ba. Da yawa daga cikinku kun ji labarinsa a bakin masallaci, wasu ma sun riƙe shi da hannunsu. Mun ga ya dace mu rubuta abin da ya faru da abin da muka gano, domin na baya su samu.

Asalin maganar shi ne, wata dattijuwa daga cikin iyayenmu na nan unguwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta da rahama. Bayan sadakar arba'in sai magada suka buɗe ɗakinta don a raba abin da ta bari. Can ƙarƙashin gado, bayan tarin tsofaffin kwanoni, aka jawo wata taskira da ƙura ta rufe. Da aka buɗe sai ga mazari guda 3 da gululunsu, ga guntun alli, ga ɗan ƙullin zare da ya yi ja saboda daɗewa. Waɗannan kam an gane su, kayan kaɗi ne. Amma a ƙasan taskirar akwai wani abu naɗe cikin tsumma. Ƙarfe ne mulmulalle, kaurinsa a tsakiya kamar babban yatsa, ya tafi yana sirancewa har zuwa bakinsa biyu. Ba shi da kaifi, ba shi da tsini, ba kafar zura zare, ba wurin sa ƙota. Tsakiyarsa kuwa sumul take kamar an shafa mata mai. Wani jikan marigayiya ya jujjuya shi, ya ga ba abin da zai yi da shi, ya jefa a buhun tarkacen da yake tara wa 'yan gwangwan. Allah Ya sa ɗaya daga cikin 'yan kwamitinmu yana wurin, shi ne ya ce a dakata, ya karɓo shi ya kawo majalisa bayan la'asar.

KOWA DA TASA

To jama'a, a nan fa aka yi ta. Wanzaminmu ya duba ya ce shi dai a zabirar ubansa da ta kakansa bai taɓa ganin irinsa ba, kuma abin da ba shi da kaifi ba ruwansa da wanzanci. Baduku ya ce da basilla ce da an ga tsini. Wani ya ce bidar jinka ce, aka ce masa bida tana da kafa kuma ta fi wannan tsawo nesa. Wani tsohon soja ya rantse ƙarfen ɗura bindiga ne tun na zamanin Jamus, sai aka tambaye shi wace irin bindiga ce bakinta bai wuce taki ɗaya ba, aka yi dariya.

Hasashen da ya fi kama hankali shi ne na wani malamin makaranta mai ritaya, wanda ya ce wataƙila kuɗin ƙarfe ne irin na mutanen da. Maganarsa tana da tushe. A arewa da mu, a ƙasar Madagali, akwai dutsen Sukur, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, shi ne ma na farko a Nijeriya. Mutanen Sukur sun shahara da narka tama. A da suna tace baƙin yashi daga rafuka su narka shi, su ƙera sandunan ƙarfe waɗanda ake ciniki da su kamar kuɗi, ana kai su har ƙasar Borno a mayar da su fartanya da gatari. Saboda haka samun tsohon ƙarfe a wannan yanki namu ya isa ya sa mutum ya tuna da Sukur.

Sai dai maƙerinmu, da ya karɓa ya auna nauyinsa a tafin hannu ya ƙwanƙwasa shi a dutse, sai ya ce a'a. Ya yarda cewa ƙirar hannu ce, kuma ƙarfen tama ne, ba rodi ko sifirin mota ba. Amma ya ce ƙarfen da aka yi don ciniki ba a ɓata lokaci wajen mulmula shi, tunda ƙarshensa wuta zai koma. Ya kuma nuna mana cewa bakin biyu ba su da alamar duka, watau ba ƙaramar masaba ba ce. Ya ce, "Wannan santsin na tsakiya ba maƙeri ya yi shi ba. Shekara da shekaru aka yi ana mirgina shi a kan wani abu mai tauri." Ya tsaya a nan, don iyakar abin da ƙarfen ya gaya masa ke nan.

Liman ne ya warware mana. Ya ce, "Ku kuwa, abu an same shi a taskirar mace, cikin kayan aikin mata, kun zauna ku maza zalla kuna ta gardama tun la'asar. Ku kai wa mata mana." Kunya ta kama mu, don gaskiya ya faɗa.

"INA UWARSA?"

Washegari muka je wurin wata ƙawar marigayiya, wadda duk unguwa ke kira Iya. Shekaru sun ja, ido ya yi rauni, amma hankali garau. Bayan mun gaisa muka ce, "Iya, wani abu muka samu a kayan ƙawarki, ya gagare mu." Muka sa mata a hannu. Ko ɗaga shi sama ba ta yi ba, shafawa kawai ta yi daga wannan baki zuwa wancan, sai ta yi murmushi ta ce, "Ina uwarsa?"

Muka dubi juna. Ta ce, "Kai 'ya'yan nan! Ɗan magurji ne, ƙarfen gurzar auduga. Ai ba ya aiki shi kaɗai. Ku je ku duba gidan, akwai wani dutse shimfiɗaɗɗe mai santsi, shi ne magurjin." Aka koma gidan marigayiya aka yi ta dube-dube, sai ga dutsen a bakin madafa, an mayar da shi abin tokare ƙofa. Matan gidan suka ce tun da aka kawo su a nan suka same shi, wani lokaci ma a kansa suke wasa wuƙa.

Aka kawo wa Iya dutsen, aka samo 'yar auduga mai ƙwaya. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora ƙulli uku ko huɗu a kan dutsen, ta aza ƙarfen a gefensu, ta danna da tafin hannu biyu ta mirgina gaba. Nan take sai ga angurya tana fitowa tana gudu a gaban ƙarfen, farar audugar kuwa ta maƙale a ƙarƙashinsa ta koma baya. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fashe ba. Yaran da suka taru suka yi ta sowa kamar sun ga dabo.

A nan ne muka fahimci dalilin siffarsa. An yi tsakiyar da kauri ne don nauyin hannu ya taru a wuri ɗaya, inda audugar take, bakin biyu kuma suka sirance don su ɗaga daga kan dutsen, hannu ya sami wurin mirginawa ba tare da yatsu sun gogu ba. Kaurin ma da ƙa'idarsa. In ya yi yawa sai ƙarfen ya hau kan anguryar ya murƙushe ta, mai ya ɓata audugar. In kuma ya yi siriri ainun sai ya lanƙwashe. Iya ta ce gurza ita ce farkon komai. Sai an gurza a yi shiɓa da baka har audugar ta tashi ta yi laushi, sa'an nan a naɗa ta, a shafa alli a yatsu a kama kaɗi, a fitar da zare siriri ko abawa, daga nan sai wurin masaƙi, sai marina, sai mabuga, sai maɗinki. Kuma duk wanda ya san auduga ya san cewa wajen kashi 2 cikin 3 na nauyinta angurya ce. Ke nan mace za ta wuni tana gurza, abin da za ta samu na kaɗawa bai taka kara ya karya ba. Anguryar ma ba a zubarwa, a ajiye ta iri, saura a ba dabbobi.

DAGA INA YA FITO?

Mai karatu zai so ya san cewa wannan dabara ta daɗe ƙwarai a duniya. A ƙasar Indiya, cikin kogunan dutse na Ajanta, akwai zanen bango na wajen ƙarni na 5 Miladiyya da ke nuna ana gurzar auduga da mulmulallen sanda a kan abu shimfiɗaɗɗe, daidai yadda Iya ta yi a gabanmu. A Afirka ta Yamma kuwa, malamin nan na Andalus, Al-Bakri, ya rubuta a 1068 cewa a garin Silla na bakin kogin Sanagal ana ciniki da ƙananan ƙyallayen auduga. A kogunan Bandiyagara na ƙasar Mali kuma an tono tufafin auduga saƙar hannu da suka kai ƙarni na 11 da na 12. Duk wannan zare sai da wata mace ta raba shi da ƙwayarsa tukuna.

Mu dawo gida. A 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini, har ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke samarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da ƙetaren Sahara. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar ya taso daga Kukawa ya biyo ta Uba, ya ratsa ta nan Mubi, ya isa Yola zamanin Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama, inda aka sallame shi bayan 'yan kwanaki. Abin da ya shafe mu a labarinsa shi ne, ya tarar a ƙasar Adamawa kuɗin kasuwa shi ne farin ƙyalle saƙar hannu mai faɗin kamar yatsu 3, wanda Fulani ke kira leppi. A Borno ma akwai irinsa, suna ce masa gabaga.

To ku duba fa. In ƙyalle shi ne kuɗi, ashe matar da ke zaune a tsakar gida da magurjinta ita ce matakin farko na buga kuɗin ƙasa. Da wannan farin ake sayen hatsi da gishiri, da shi ake haɗa rigar da za a kai gidan surukai, da shi ake yi wa mamaci sutura. Tarihi yana ambaton fatake da sarakuna, amma ba kasafai yake ambaton hannuwan da suka gurza suka kaɗa ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗa, da yawa daga cikin masu noman audugar da masu gurzar a wancan zamani bayi ne, a rinji a ƙasar Hausa, a rumde a nan Adamawa.

Iyayenmu Hausawa sun fara kwararowa wannan ƙasa da yawa ne bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809, musamman bayan kafa Yola a 1841. Fatake suka biyo hauren giwa da sauran haja, a bayansu kuma sai masaƙa, marina, dukawa, mahauta, wanzamai da malamai. Da sana'a a hannu suka zo, ita ce ta sama musu masauki. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa mu muka kawo komai. Sun tarar da mutanen ƙasa da gonakinsu da maƙeransu. Iya ta gaya mana cewa a ƙuruciyarta maƙeran kan dutse ke saukowa da irin wannan ƙarfe ranar kasuwa, a wurinsu uwayensu ke saya. Ta ce bayan kaka sukan taru a gida ɗaya, Hausawa da Fulani da matan Gude maƙwabta, kowa da magurjinta, a yi ta aiki ana hira har rana ta faɗi. Wannan ɗan ƙarfe ke nan, maƙerin ɗan ƙasa ya ƙera, matar baƙo ta yi aiki da shi, zaren ya shiga kasuwar kowa. In ana neman shaidar yadda zamanmu da mutanen wannan ƙasa ya faro, ga ta nan a tafin hannu.

YADDA AKA YI YA KOMA ƘARƘASHIN GADO

A 1793 wani Ba'amurke, Eli Whitney, ya ƙera injin gurza mai haƙora, wanda ke yin aikin mutane masu yawa a yini guda. An daɗe kafin iskarsa ta kaɗo mu. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa kamfanin BCGA a Manchester don neman auduga daga ƙasashen da suka mallaka. Shi ne ya kakkafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, har mutanen Funtuwa ke kiran wurin Bisije. Da farko ma abin bai yi musu daɗi ba, domin masaƙan Kano suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature, kuma da jirgin ƙasa ya isa Kano manoma suka fi karkata ga gyaɗa a 1912. Watau magurji da mazari sun yi kokawa da inji, ba su faɗi da wuri ba.

Mu nan Mubi hanyarmu daban ce. Jamus ta riƙe ƙasar nan tun farkon ƙarni na 20, Ingilishi suka karɓe a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka riƙe mu a matsayin ƙasar amana har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, muka shiga Nijeriya ranar 1 ga Yuni 1961 a Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. Iya ta ce marigayiya gadon ƙarfen ta yi daga mahaifiyarta, ke nan ya yi aiki tun zamanin riƙon amana. A cikin waɗannan shekaru ne abubuwa suka taru suka kashe masa kasuwa. Kuɗin Bature ya kori ƙyalle daga zama kuɗi, haraji kuma sai da tsaba, saboda haka manomi ya gwammace ya kai audugarsa ma'auna da ƙwayarta ya karɓi kuɗi. Akoko da alawayyo da atamfa suka cika kanti da araha. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, zaren inji ya shigo har ƙauye, masaƙin gargajiya ma ya koma sayensa. A tsallaken iyaka, Kamaru ta kafa Sodecoton a 1974 da hedikwata a Garwa. Su ma maƙeran Sukur tun wajen shekarun 1950 suka fara barin narka tama, saboda tarkacen mota ya fi sauƙin samu.

Abin tausayi, injinan da suka kori magurji su ma ba su tsira ba. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, KTL ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, abin da ya tayar mana da hankali shi ne, a majalisar da ta tara wanzami da baduku da maƙeri da malamin makaranta, an rasa mutum ɗaya da ya san sunan abin da ya tufatar da kakanninsa. Duk unguwar nan mace ɗaya ce ta sani, ita ma ta tsufa. Da an yi jinkirin 'yan shekaru, da sai dai mu rubuta a takarda cewa kuɗin ƙarfe ne, na baya su karanta su yarda. Kuma kowa ya san abin da ya same mu a ƙarshen Oktoba 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu Kamaru. An dawo an tarar da gidaje a buɗe, kaya da takardu sun salwanta, tsofaffi da dama kuma wahalar gudun ta tafi da su da abin da ke cikin kansu. Abin da ya tsira daga wannan bai kamata mu miƙa shi ga sikelin 'yan gwangwan ba.

Saboda haka kwamiti ya yanke shawara kamar haka. Duk wanda ya sami tsohon kayan sana'a a gidansu, na kaɗi ne, na saƙa, na rini, na dukanci, na ƙira ko na wanzanci, kada ya sayar kuma kada ya yar. Kada ya goge shi da yashi ko ya kankare tsatsa, domin kamar yadda maƙerinmu ya nuna, wurin da abu ya cinye shi ke faɗin aikinsa. Ya bar shi tare da abubuwan da ya same shi da su, don taskirar ce ta nuna mana hanya, kuma ɗa ba ya bayani sai da uwarsa. Ya fara tambayar tsofaffin gidansu, mata kafin maza in kayan ɗaki ne. Matasanmu masu waya su ɗauki hoto, su naɗi muryar mai bayani, a rubuta sunan abin da Hausa, in an samu har da Fulatanci da Gude. Wanda ya yarda ya kawo ofishin ƙungiya, za a rubuta sunan gidansu a jiki a ajiye a kabad, kayansa na nan a matsayin nasa. Waɗanda suka taɓa shiga Gidan Makama a Kano sun ga yadda irin waɗannan kaya ke zama makaranta. Namu ba zai kai can ba, amma da sannu ake farawa.

Magada sun amince, ƙarfen da dutsensa da taskirar su ne na farko a kabad ɗin. Iya kuma ta yi alkawari, in Allah Ya ba ta lafiya, bayan kaka za ta zauna da 'yan matanmu ta nuna musu gurza da shiɓa da kaɗi. Muna roƙon iyaye su bar su su zo, kuma duk mai 'yar auduga a gona ko a bayan gida ya taimaka mana da ita.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci zuriyarmu.